Lalacewar Shafen Tankin Tsohon Babur da Hanyoyin Magance Ta a Talatar Mafara da Bakura da Maradun

Tsakure

Tankin mai na cikin sassan da suke fara gajiya a jikin tsohon babur, kuma shi ne sashen da ya fi wuyar samun madadi idan kamfani ya daina ƙera samfurin. Wannan ya sa masu irin waɗannan babura suke dogara da liƙi daga waje ko shafe daga ciki domin tsayar da yoyo. Maƙalar ta yi bayanin yadda shafen yake lalacewa, da alamomin lalacewarsa, da matakan da ake bi a cire shi a tsabtace tankin. An gina bayanin a kan abin da ilimin sinadarai ya tabbatar game da tsatsa da man fetur, aka kuma auna shi da yanayin ƙasar Talatar Mafara da Bakura da Maradun. Maƙalar ta nuna cewa mafi yawan lalacewar shafe daga ƙarƙashinsa take farawa, wato daga tsatsa da laima da maiƙon da aka rufe ba a kawar ba. Ta kuma dubi kalmomin da sana'ar kanikanci ta ara ko ta faɗaɗa wa ma'ana a wannan fage.

Fitilun Kalmomi: babur, tanki, shafe, liƙi, tsatsa, kanikanci

1.0 Gabatarwa

Nazarin sana'o'in Hausawa ya daɗe yana ba da ƙarfi ga ƙira da jima da rini da saƙa da dukanci. Sana'o'in da zamani ya kawo, irin su kanikanci da walda da faci, ba su samu irin wannan kulawa ba, alhali su ma sun tara ilimi da kalmomi da ladubban koyo tsakanin maigida da yaransa. Wannan maƙala ta ɗauki ɗan ƙaramin yanki na kanikancin babur, wato matsalar tankin da aka taɓa shafe cikinsa da wani sinadari, daga baya shafen ya fara ɓarewa yana toshe hanyar mai.

Matsalar tana da nauyi a yankin da ake magana a kai. Babur ne abin hawan da yake haɗa ƙauye da gona da kasuwa da asibiti. A shekarun nan da matsalar tsaro ta addabi yammacin Zamfara, mutuwar babur a tsakiyar hanya da yamma tana iya jefa mai shi cikin haɗarin da ya wuce asarar lokaci. Haka kuma, gyaran tanki ta hanyar da ba ta dace ba yana jawo gobara ko fashewa a wurin mai walda.

2.0 Tsohon Babur a Yankin Bakolori

Talatar Mafara da Bakura da Maradun ƙananan hukumomi ne masu maƙwabtaka a Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Abin da ya fi haɗa su ta fuskar tattalin arziki shi ne madatsar ruwa ta Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978. An tsara ta ne domin ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ta kuma shayar da kadada kusan 23,000 na noman rani. Garin Talatar Mafara yana kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, kuma kasuwarsa da ke ci ranar Talata ita ce ta ba shi rabin sunansa.

Lokacin da ake aikin madatsar ya zo daidai da yaɗuwar babur a Nijeriya. Ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 ya ba malaman makaranta da malaman gona da akawuna damar sauka daga keke su hau babur. A shekarar ce kamfanin Honda ya fito da samfurin CG125, wanda aka tsara domin ƙasashen da hanyoyinsu ba su da kyau, kuma a 1979 kamfanin ya kafa reshensa na harhaɗa babura a Nijeriya, mai masana'anta a Ota ta Jihar Ogun. Vespa ta ƙasar Italiya, wadda aka fara ƙerawa a 1946, ta zama abin hawan 'yan kasuwa da dattawa a garuruwan Arewa. Baburan China irin su Jincheng da na Indiya irin su Bajaj Boxer sun zo daga baya suka mamaye kasuwa.

Wannan tarihi ne ya raba masu babur gida biyu dangane da tanki. Mai Boxer idan tankinsa ya huje yana iya sayen sabo a shagon kayan gyara. Mai CD175 ko tsohuwar Vespa kuwa sai dai ya nemi na hannu, wanda shi ma shekarunsa sun kai na wanda ya lalace, ko ya gyara wanda yake da shi. Sau da yawa irin wannan babur gado ne, don haka mai shi yakan fi son ya riƙe tankin asali da fentinsa da tambarinsa.

3.0 Liƙi da Shafe

Akwai buƙatar a bambance ayyuka biyu da akan haɗa su a magana. Liƙi shi ne toshe huda daga wajen tanki. Mafi sauƙinsa shi ne goga sabulu a kan hudar, dabarar da 'yan acaba suka sani sarai. Tana aiki ne saboda sabulu ba ya saurin narkewa a fetur, amma ruwan sama ko na wanki yana wanke shi, don haka amfaninta a kai gida ne kawai. Sama da shi akwai gam mai haɗi biyu irin su Araldite, sannan dalma, sannan walda. Shafe kuwa shi ne zuba sinadari mai kauri a cikin tanki, a jujjuya shi har ya lulluɓe bangon ciki gaba ɗaya, a tsiyaye ragowar, a bar shi ya bushe ya zama fata tsakanin ƙarfe da mai.

Tunanin shafe ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Marina suna shafe cikin karofi da laso, wanda ake haɗawa da ƙonannen katsi da ruwan dafara da gashin dabba, domin kada ruwan baba ya tsiyaye cikin ƙasa. Magina suna amfani da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, wajen kare bango da daɓe daga ruwa. Gyartai kuma yana ɗinke fasasshiyar ƙwarya ta koma aiki. Duk waɗannan masu sana'a sun yarda da ƙa'ida ɗaya: sai an kankare tsohon da ya saki an share wurin kafin a ɗora sabo. Magini ba ya yaɓe a kan bangon da yake zubar da gari. Wannan ƙa'ida ce take bayyana yawancin abin da ke faruwa a cikin tankin babur.

3.1 Ire-iren Shafe

Sinadaran shafen tanki da ake sayarwa a duniya sun kasu gida uku:

a. Mai bushewa ta hanyar tashin ruwan da aka narka shi a ciki. Wannan roba ce narkakkiya, idan ruwan ya tashi sai ta bar fata mai laushi. Misalinsa Kreem, mai launin fari, da Red-Kote, mai launin ja. Sinadarin asiton yana sake narkar da irin wannan.

b. Mai ƙarfafa ta hanyar haɗuwa da laimar iska, wato dangin foliyuritan. Misalinsa POR-15, mai launin azurfa. Idan ya kama yana da tauri, kuma asiton kaɗai ba ya narkar da shi cikin sauƙi.

c. Mai haɗi biyu, wato dangin ifokzi, inda ake gauraya ruwa biyu su sandare. Misalinsa wanda kamfanin Caswell yake yi. Shi ne ya fi tauri, kuma shi ne ya fi wuyar cirewa.

Bayan waɗannan, akwai shafen dabara, inda ake tsinka gam ko fenti da tina a zuba a tanki. Fentin mota da gam na gama-gari ba a yi su domin su zauna cikin fetur dare da rana ba, don haka sukan yi laushi cikin ɗan lokaci. Sanin irin shafen da ke ciki shi ne matakin farko na gyara, domin abin da yake narkar da wani ba ya taɓa wani.

4.0 Dalilan Lalacewar Shafe

4.1 Ruwa da Tsatsa

Tanki yana numfashi. A murfinsa akwai 'yar ƙaramar kafa da iska take shiga ta maye gurbin man da inji ya sha. Da rana zafi yakan faɗaɗa iskar ciki ta fita, da dare kuma sanyi ya janyo sabuwa. A damina, daga Yuni zuwa Satumba, da kuma a gonakin noman rani da ke gefen magudanan Bakolori, iskar da take shiga tana ɗauke da laima. Laimar takan zama raɓa a bangon tanki, ta gangara. Da yake litar fetur ba ta wuce kimanin giram 740 ba, litar ruwa kuwa giram 1,000 ce, ruwan yakan nutse ya kwanta a ƙasa. Tankin babura irin su CG125 yana zaune ne a kan ƙashin bayan babur kamar sirdi, da aljihu biyu dama da hagu. Aljihun da ba shi da makunnin mai shi ne yake tara ruwa, kuma a nan ne, a bakin haɗin ƙarfe, ake yawan ganin huda ta farko.

Idan ƙarfe ya yi tsatsa, tsatsar takan ci wuri fiye da ƙarfen da ta cinye, har ninki biyu ko fiye. Idan aka shafe tanki alhali da sauran tsatsa da laima a ƙarƙashi, tsatsar za ta ci gaba da girma tana tura shafen sama har ya yi bororo. Da bororon ya fashe, mai da ruwa sun sami ƙofa, sai su bi ta ƙarƙashi suna ɗaga sauran. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

4.2 Maiƙo da Dattin Tsohon Mai

Fetur da ya daɗe a ajiye yakan bar wani danƙo mai launin ƙasa a jikin ƙarfe. Shafen da aka zuba a kan wannan danƙo ya kama danƙon ne kawai, ƙarfen kuwa bai taɓa shi ba. Matsalar ta fi tsanani a tsohuwar Vespa da sauran baburan da ake gauraya musu baƙin mai da fetur a tanki ɗaya. Maiƙon yana rage tsatsa, abin da yake alheri ne ga tanki, amma kuma yana shiga kowane lungu ya hana shafe kamawa idan ba a wanke shi sarai ba.

4.3 Nau'in Man da Ake Sha

An ƙera tsofaffin babura da tsofaffin sinadaran shafe a zamanin da fetur ba shi da gaurayen barasa. A yau ƙasashe da dama suna zuba itanol a fetur. Amurka ta daɗe da sayar da mai ɗauke da kashi 10 cikin 100, Birtaniya ta mayar da shi man yau da kullum a Satumbar 2021, Nijeriya ma ta fitar da manufa a kan haka tun 2007. Itanol yana da halaye biyu masu cutar da tsohon tanki. Yana tausasa wasu nau'o'in roba da gam, yana kuma jan ruwa daga iska. Idan ruwan ya kai kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, itanol da ruwan sukan rabu da fetur su kwanta a ƙasan tanki, inda tsatsa take farawa.

Mitanol ya fi itanol ƙarfi wajen cin roba. A Fabrairun 2022 hukumar da ke kula da harkar rarraba man fetur ta Nijeriya ta sanar da gano fetur mai ɗauke da mitanol fiye da ƙa'ida, wanda aka shigo da shi daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, kuma janye shi daga kasuwa ya haifar da ƙarancin mai a faɗin ƙasar. Wannan ya nuna cewa mai babur ba shi da iko a kan abin da ke cikin man da yake saya. Man 'yan bumburutu kuma, wanda yake bi ta jarka da galan da kwalba kafin ya kai tanki, yana da ƙarin hanyoyin ɗaukar ruwa da ƙura.

4.4 Tanki Rabi da Doguwar Ajiya

Yawan raɓar da tanki yake tarawa ya danganta da yawan iskar da ke cikinsa. Cikakken tanki ba shi da wurin laima sosai, wanda lita ɗaya ce kawai a ciki kuwa kusan duk bangonsa a buɗe yake. Abubuwa biyu sun sa tankuna suna zama babu mai a wannan yanki. A Satumbar 2021 gwamnatin Zamfara ta ɗauki matakan tsaro da suka haɗa da hana sayar da mai a jarka, da taƙaita gidajen man da za su yi ciniki, da hana zirga-zirgar babura da dare. Sannan bayan janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma haura naira 1,000 a wasu sassan ƙasar a 2024. Wanda a da yake cika tanki ya koma sayen lita ɗaya ko biyu, wasu kuma suka jingine tsofaffin baburansu a zaure. Duka halayen biyu suna ba tsatsa dama.

5.0 Alamomin Lalacewa

Alamar farko takan bayyana a inji, nesa da tanki. Babur zai tashi lafiya, ya yi tafiya kaɗan, sai ya fara shaƙewa ya mutu. Bayan hutun mintoci ya sake tashi. Dalili shi ne ɓarɓashin shafe ya taru a rariyar makunnin mai, mai yana wucewa kaɗan-kaɗan, bai kai abin da inji yake buƙata ba. Akan ɗora laifin a kan fulogi ko kafireto, a wanke, a canza, bayan kwana biyu matsalar ta dawo. Idan aka kwance ƙoƙon kafireto aka ga ɓarɓashi fari ko ja ko mai ƙyalli, ko wani abu mai yauƙi, to daga tanki yake.

Sauran alamomin ana ganin su da tocila ta bakin tanki: bororo a bango, ko fatar da ta saɓule kamar saɓar maciji, ko shafen da ya yi laushi har farce yana shiga. Daga waje kuma fenti yakan kumbura a ƙasan tanki, da warin fetur ko da babu ɗigo. Ba a leƙa tanki da ashana ko kyandir ko fitilar kwai.

A babur mai gaurayen baƙin mai haɗarin ya fi girma. Man da yake sa fistin santsi yana tafe ne tare da fetur, don haka toshewar hanya tana rage duka biyun lokaci ɗaya. Injin yakan yi zafi fiye da kima, fistin ya kama, gyaran da zai tsaya a tanki ya koma na inji gaba ɗaya.

6.0 Matakan Magancewa

6.1 Tantancewa

A sauke tanki daga babur, a juye man, a cire makunnin mai da tiyo da murfi. Makunnin yawanci na gorar ruwa ne ko wani ƙarfe mai laushi, kuma sinadaran da za a yi aiki da su suna cin sa, don haka akan toshe gurbinsa da katako ko toshiyar roba. A ɓanɓaro ɗan guntun shafen a jefa a kwalba mai asiton. Idan ya narke cikin awa ɗaya ko biyu, nau'in farko ne. Idan ya tsaya yadda yake, na biyu ne ko na uku. Ƙara sabon shafe a kan wanda ya fara saki ɓarnar kuɗi ce, domin sabon zai fita tare da tsohon.

6.2 Cire Tsohon Shafe

Ga nau'in farko, a zuba asiton lita ɗaya ko biyu, a rufe, a riƙa juya tankin kowane gefe ya jiƙa na wasu awoyi, ana buɗe murfin lokaci-lokaci domin tururin da ya taru ya fita. A juye, a maimaita da sabo har ya fito garau. Ga nau'i na biyu da na uku sai an yi amfani da sinadarin cire fenti mai ƙarfi, a kuma haɗa da girgiza. Akan zuba noti ko gajerun kusoshi ko guntun sarƙa a girgiza su kankare bangon. Ya kamata a ƙirga su kafin a zuba, a ƙirga bayan an fitar. Tsakuwa ba ta dace ba, domin tana maƙalewa a lungu kuma maganaɗisu ba ya janyo ta.

Waɗannan sinadarai suna cin fentin waje, don haka mai son riƙe fentin asali sai ya naɗe tankin da leda. Tururinsu yana kama wuta yana kuma cutar da huhu. A yi aikin a fili, a inuwa, nesa da murhu da janareta da wurin walda, da safar hannu da abin kare ido. Ƙona tanki domin shafen ya fita yana lanƙwasa ƙarfen, yana sassauta haɗinsa, yana kuma fitar da hayaƙi mai guba.

6.3 Kawar da Maiƙo da Tsatsa

Bayan shafe ya fita, a wanke tankin da ruwan zafi da garin sabulu sau da dama har ruwan ya daina yin maiƙo. Daga nan sai tsatsa. Abin da ya fi dacewa shi ne asid ɗin fosforik, wanda yake narkar da tsatsa ya kuma bar wata fata mai launin toka da take kare ƙarfe, shafe kuma yana kama ta da kyau. Inda ba a same shi ba, ruwan kal ko garin tsamin lemo da aka jiƙa suna aiki, sai dai suna ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku, kuma bayansu sai an ɗauraye da ruwan kanwa ko bakin soda domin kashe tsamin, sannan a bi da ruwa mai tsabta. Ruwan batir yana da arha kuma yana kusa da hannun bakanike, amma yana cin lafiyayyen ƙarfe tare da tsatsar, ya mayar da siririn bango rariya.

Akwai kuma hanyar lantarki. A cika tanki da ruwan sodar wanki, a rataya sandar ƙarfe a ciki ba tare da ta taɓa bango ba, a haɗa wayar caja mai alamar ragi da tankin, mai alamar tarawa kuma da sandar. Cikin awoyi tsatsar za ta saki, sandar ta yi datti, a goge ta a mayar. Wannan hanya ba ta cin lafiyayyen ƙarfe, amma tana fitar da iska mai kama wuta, don haka ita ma a fili ake yin ta.

6.4 Busarwa da Gwaji

Ƙarfen da aka wanke da asid yakan fara sabuwar tsatsa cikin mintoci idan aka bar shi da jiƙa. A tsiyaye ruwan nan take, a ɗauraye da ɗan asiton ya kwashe ragowar laima, a ajiye tankin a rana da bakinsa a buɗe har warin ya ɓace. Lungun haɗin ƙarfe yana riƙe ruwa bayan bango ya bushe, kuma wannan ɓoyayyen ruwa ne yake kashe sabon shafe. Ta wannan fuska hunturu ne lokacin da ya fi dacewa da aikin a ƙasar Zamfara, saboda bushewar iska, muddin aka rufe bakin tankin da ƙyalle mai tsabta saboda ƙura.

Domin gano huda, a toshe ƙofofi, a hura iska kaɗan da famfon keke, a shafa kumfar sabulu a waje a duba inda take tashi. Injin ba taya iska yana da ƙarfin da zai buɗe tankin ya ɓata siffarsa.

6.5 Toshe Huda

Shafe yana iya rufe huda mai girman bakin allura. Wadda ta fi haka sai dalma ko walda. Dalma da ake narkarwa da zazzafan ƙarfe, irin aikin masu gyaran lagireto, ta fi aminci domin babu harshen wuta a jikin tanki. Game da walda, ya kamata a san cewa tankin da aka juye mansa ya fi cikakke haɗarin fashewa. Tururin fetur yana kama wuta ne idan ya kai tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iska, kuma ɗan abin da ya rage a lungu ya isa ya kai wannan adadi. Saboda haka ba a kai tanki wurin mai walda sai bayan wankin ruwan zafi da sabulu, kuma a lokacin aikin a cika shi da ruwa har kusa da inda za a taɓa, murfi a buɗe. Walda tana zuwa kafin shafe, domin zafinta yana ƙona duk abin da aka shafa.

6.6 Sabon Shafe ko Barin Ƙarfe Haka

Idan bayan tsabtacewa tankin ba ya yoyo kuma bangonsa da kauri, barin sa ba shafe ya fi. Abin da yake buƙata shi ne 'yar matatar mai a kan tiyo, da yawan mai a ciki gwargwadon hali, da juye shi sau ɗaya a ƙarshen damina domin fitar da ruwan da ya kwanta. Idan za a jingine babur na watanni, a juye man gaba ɗaya a zagaya cikin tankin da ɗan baƙin mai.

Idan kuwa bangon ya yi siriri da ƙananan hudoji, shafe ya zama dole. A zaɓi wanda aka rubuta cewa yana jure itanol. A zuba, a juya tankin a hankali ta kowace fuska, a tsiyaye ragowar sosai, domin inda ya taru da kauri nan ne yake fara tsagewa. A tabbatar kafar numfashi da gurbin makunni ba su toshe ba. A bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, mai haɗi biyu yana sandarewa da sauri, don haka da sassafe ake haɗa shi. Daga nan a bar shi ya cika kwanakin da kamfanin ya rubuta, waɗanda sukan kai uku zuwa huɗu ko fiye, kafin a zuba mai. Wannan jira shi ne abin da ya fi yi wa mai babur ɗaya tilo wuya, kuma gaggawa a nan tana rushe duk wahalar da aka sha a baya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7.0 Kalmomin Sana'ar

Kalmomin wannan fage sun zo ta hanyoyi biyu. Sunayen sassa da na kayan aiki yawanci aro ne daga Ingilishi: tanki, fetur, kafireto, fulogi, fistin, noti, faci, walda. Wasu sun sauya ma'ana bayan aro. Kalmar walda a asalinta sunan mai aikin ce, amma a Hausa ta koma sunan aikin, har sai an ce mai walda. Kalmar makaniki kuma Hausa ta ɗauki gaɓarta ta farko tamkar ɗafa-goshi, ta samar da bakanike da kanikawa da kanikanci, a kan tsarin Bakano da Kanawa da Kananci.

Kalmomin da suke bayyana cuta da magani kuwa na gida ne: tsatsa, yoyo, raɓa, bororo, saɓa, danƙo, liƙi, shafe, kankara, ɗauraya. An ɗauko su daga gini da rini da jikin mutum da na dabba, aka faɗaɗa ma'anarsu zuwa ƙarfe. Wannan rabo yana nuna cewa Bahaushe ya karɓi na'urar da sunayenta, amma ya fahimci lalacewarta da tunanin da yake da shi tun kafin zuwanta. A bakin mutanen yankin kuma kalmomin aron suna bin tsarin furucin Hausar yamma, inda ake jin hwaci da hetur da hulogi da henti, kamar yadda sunan garin kansa yake fitowa Mahwara.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi matsalar shafen tanki daga dalilanta zuwa maganinta. An ga cewa tsatsa da laima da maiƙon da aka rufe su ne suke ɗaga shafe, nau'in mai da zaman tanki babu mai kuma suna hanzarta abin. Gyaran da yake ɗorewa yana bin jeri ɗaya: tantance irin shafen, cire shi gaba ɗaya, wanke maiƙo, kashe tsatsa, busarwa, toshe huda, sannan a yanke shawarar sake shafewa ko bari. Akwai buƙatar cibiyoyin yankin, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara, su samar wa kanikawa da masu walda taƙaitaccen bayani da Hausa a kan haɗarin tururin fetur da na sinadaran wanki. Ga manazarta Hausa kuma, kanikawan da suka koyi aiki a kan baburan shekarun 1970 suna tsufa, kuma tattara kalmominsu da dabarunsu aiki ne da ya kamata a yi tun suna raye.